Kwandon da Inna Sa'a Ta Mayar Lolo

Gidanmu da gidan Inna Sa'a katanga ɗaya ce ta raba su a nan Kaoje, katangar kuma ba ta da tsawo. Tun ina ƙarami nake jin muryarta da safe tana kiran kaji, tana yi wa waɗanda suka cika zalama faɗa kamar masu jin magana. Sunanta na yanka Halima Sa'adiya, amma ko mijinta, Baba Ɗanmusa, ban taɓa jin ya kira shi duka ba.

A Kende aka haife ta. Kakarta ce ta riƙe ta, tsohuwa mai kaji da zabbi, wadda idanunta suka yi rauni tun Sa'a ba ta isa ɗaukar tulu ba. Saboda haka yarinyar ce ta zama idon tsohuwa. Kakar za ta kamo kaza ta ɗora a cinya, ta buɗe fiffike, ta ce, "Hura, ki gaya mani abin da kinka gani." Ita kuma ta hura gashin, ta faɗi. Wani lokaci ta ga ƙwarƙwata tana gudu a kan fata, wani lokaci ta ga farin ƙwanta ya dunƙule a gindin gashi kamar dusa. Da haka ta saba. Da aka kawo ta Kaoje gidan aure, cikin kayanta har da kaza durgu, irin mai gajerun ƙafafu, wadda kakar ta ɗaure mata da kanta.

Baba Ɗanmusa manomin shinkafa ne a fadama, idan ruwa ya cika kuma ya ɗauki komar kamun kifi ya shiga jirgi. Ita sana'arta turara shinkafa. Da buntun shinkafar take hura wuta, don haka gidanta ba ya rabuwa da toka mai laushi. Tana tankaɗe tokar ta haɗa da rairayi, ta zuba a wani fasasshen kasko a ƙarƙashin rumbu inda ruwan sama ba ya kaiwa. A nan kajinta suke birgima da rana.

Ta rasa kaji ba sau ɗaya ba. Akwai shekarar da ciwo ya shigo gari ya share akurki kaf. Akwai shekarar ambaliya, da ta ɗora waɗanda ta iya kamawa a cikin baho a ka, ruwa a ƙirji, ta haura da su tudu. Ba ta cika ba da waɗannan labarai ba. Abin da ta fi tsayawa a kai shi ne doka ɗaya da ta kafa wa gidanta: baƙuwar kaza ba ta shiga akurki sai an duba ta. Ko daga kasuwa ta fito, ko daga gidan maƙwabta, a bakin ƙofa take tsayar da ita. Ta duba ƙarƙashin fiffike, ta duba gindin jela, ta duba gefen ido da ƙafafu, sannan ta ɗaure ta a gindin lemo ita kaɗai har sai ta gamsu. Matan unguwa sukan yi mata dariya, su ce ko jami'an kan iyaka ba su kai ta bincike ba.

Sau ɗaya na san ta karya dokar nan. Ita ta ba ni labarin da bakinta, wata la'asar ina taya ta zama tana juya shinkafa a kan tabarma.

'Yarta ta fari, Zakiyya, tana aure a wata ruga da ke gaba da Lolo, dab da iyakar Benin. Mijinta Giɗaɗo mutumin kirki ne, yana noma yana kiwo. Uwarsa, Fadimatu, doguwar mace ce mai ƙarancin magana, wadda duk yankin aka san ta da tsabta. An ce ƙorenta na nono in ta jera su a rana sai ka ga fuskarka a jiki. Tun ranar biki matan biyu ba sa kiran sunan juna. Inna Sa'a tana ce mata Uwar Ango, ita kuma tana ce mata Uwar Amarya, ko da yake ango da amarya sun daɗe da zama mutanen gida.

Da cikin Zakiyya na fari ya tsufa, ta dawo Kaoje ta haihu a ɗakin uwarta, aka sami namiji aka sa masa Sufyan. Bayan ta gama wankan jego, farkon damina, Fadimatu ta zo da kanta ɗaukar su. Ta zo da man shanu cikin kwalba, da wani jan zakara dogo a cikin kwandon kaba mai murfi. Ta ce daga ƙetare wani ƙanenta ya kawo mata irin, ta zaɓo wanda ya fi kyau ta kawo na ban gajiya.

"Na miƙa hannu zan ɗaga fiffike, don hannuna ya saba," in ji Inna Sa'a. "Sai na ga idonta a kaina. Ya za ka binciki kyautar suruka tana zaune? Kamar ka ce mata mi kinka kawo mani ne wanga? Sai na maida hannun ya zama shafa. Na ce, kai, zakara ya yi kyau."

Fadimatu ta ji daɗi. Ta ce a sake shi cikin 'yan'uwansa ta ga yadda za su karɓe shi. Aka sake shi. Ya buga fiffike, ya yi cara a tsakar gida, kowa ya yi dariya. Da aka tashi tafiya kaya sun yi yawa, ga mai jego ga jariri, sai aka bar kwandon a baya. Inna Sa'a, da hankalinta yake kan rabuwa da 'ya da jika, ta tura shi cikin akurki don kada ruwa ya dake shi.

Washegari ta kama zakaran ta duba. Ta ga ƙwarƙwata 'yar kaɗan. Ta goga masa toka har cikin fata, ta ce shi ke nan. Kwandon bai zo mata a rai ba. Durgunta kuma, jikar jikar waccan ta Kende, ta ga kwando mai duhu da daɗin kwanciya, ta mayar da shi wurin ƙwai. Da ta fara kwanci Inna Sa'a ta ƙara mata da ƙwan zabbi, kamar yadda take yi duk damina, tunda zabuwa ba ta iya riƙon 'ya'ya.

Ba a daɗe ba ta lura durgu ba ta zama lafiya. Kazar da in ta hau ƙwai sai an ɗaga ta da hannu kafin ta ci abinci, yanzu tana tashi tana tsaye a kan ƙwan, tana tsattsagar jikinta da baki. Zankonta ya koɗe. Wata safiya ta fito gaba ɗaya ta ƙi komawa. Inna Sa'a ta duba jikinta ba ta ga abin a zo a gani ba. Sai ta ɗauko farin tsumma ta goga a cikin saƙar kwandon. Tsumman ya fito da jan zane-zane kamar an ja masa jini da tsinke. Ta fito da kwandon rana ta buga shi da ƙasa, ta ga ƙasar tana motsi.

Ƙuma ce, 'yan mitsi-mitsin nan ja. Ta bayyana mani bambancinsu da ƙwarƙwata. Ƙwarƙwata a jikin kaza take zaune, in ka hura gashi ka gan ta. Ita ƙuma da rana ɓuya take yi a tsagar bango da saƙar kwando da tsohuwar ciyawa, sai kaji sun kwanta ta fito ta sha jini ta koma. Don haka ko ka wanke kaza da toka, in ba ka taɓa ɗakinta ba, ba ka yi komai ba.

Ƙwan sun riga sun yi sanyi, ta zubar. Ta kwashe duk ciyawar akurki ta ƙone a bayan gida. Ta tafasa ruwa a tukunyar da take turara shinkafa, ta kwarara a bango da itacen da kaji ke hawa. Da ya bushe ta kwaɓa laka ta toshe kowace tsaga. Baba Ɗanmusa ya ɗauko ragowar maganin feshin shinkafa ya ce a fesa a huta. Ta ce ya mayar da abinsa, ta ga gidan da aka yi haka aka wayi gari 'yan tsaki a miƙe. Ta aika aka sayo hodar kaji a wurin mai maganin dabbobi, ta tambayi yadda ake sawa, ta bi kajin ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwanaki ta sake, don ƙwan ƙuma da bai mutu ba ya ƙyanƙyashe. Kwandon ma ta zuba masa tafasasshen ruwa ta shanya a kan rumbu.

Tana cikin wannan aiki Zakiyya ta kira ta a waya. Bayan gaisuwa ta ce yaron ba ya barci, jikinsa duk ƙananan jajayen ƙuraje, a wuya da bayan kunne da cinya. Sun kai shi asibitin Lolo, an ba su man shafawa, an ce cizon ƙwaro ne, su duba inda yake kwana. Ta fitar da katifarta rana, ba ta ga kuɗin cizo ko ɗaya ba.

"Ina yaka kwana da rana?" in ji Inna Sa'a.

"Ɗakin kakarsa. Tun da munka dawo ba ta aje shi. In na tahi rijiya ko ina girki, kan gadonta yake. Wani lokaci ma can yaka wuni."

"Kajinta fa, ina suka kwana?"

Zakiyya ta ce, "Ƙarƙashin gadon. Cikin kwanduna. Ta ce muzuru ya dame su, ga damina."

Inna Sa'a ta gaya mata abin da ta gani a kwandon zakara. Nan take muryar Zakiyya ta canza. "Inna, don Allah kada ki ce komai. Kin san ta da ɗakinta. In ta ji an ce daga ɗakinta ne, daga bakin gidanmu kuma, ni ce zan zauna da abin. Kuma in na hana ta yaron, mi zan ce mata?"

Abin da ya tsaya wa Inna Sa'a a rai ke nan. Jikanta yana can ƙuma tana cizonsa, ba kuma za ta daina ba sai kaji sun fita daga ɗakin Fadimatu an gyara ɗakin. Amma faɗin haka zai iya ɓata zaman 'yarta da uwar mijinta, zaman da har yanzu ba a taɓa jin kansu ba. Baba Ɗanmusa ya ce a kira Giɗaɗo a gaya masa, magana ta maza. Ta ce ba a aiken ɗa ya gaya wa uwarsa ɗakinta da ƙwari, kuma Fadimatu ba yarinya ba ce, za ta san inda maganar ta fito, sai abin ya zama an zagaye ta.

Tana shanya shinkafa ta ɗaga kai ta ga kwandon a kan rumbu. A wurinmu kwano ko kwandon da aka kawo maka kyauta a ciki dole ka mayar, kuma ba a mayar da shi fanko. Ko ba komai za ka sa ɗan gero ko kuka. Ita ce ma ta yi jinkirin mayarwa. Ta sauko da shi ta duba saƙarsa da farin tsumma, ya fito fes. Ta ɗaura tankaɗaɗɗiyar toka a buhu ta sa a ƙasa. Ta ɗora ganyen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, da ɗan curin man kaɗe, da ragowar hodar. A sama ta ɗora shinkafarta mafi kyau, ta rufe.

"Toka za ki kai wa suruka?" in ji Baba Ɗanmusa. "In ta watsa maki a fuska kada ki ce ban faɗi ba."

"In ta watsa, fuskata ce. Ba ta Zakiyya ba."

Ranar kasuwar Lolo ta shiga mota da kwandonta a cinya, daga Lolo ta hau kabu-kabu zuwa rugar. Fadimatu ta tarbe ta da murna, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗaki, aka kawo fura da nono. Aka miƙo mata Sufyan. Inna Sa'a ta ce mani da ta ɗaga rigarsa ta ga wuyansa, sai da ta kau da kai ta yi kamar tana gyara mayafi. Zakiyya tana tsugune nesa kaɗan tana wanke ƙwarya ɗaya da ba ta ƙarewa.

Da aka gama gaisuwa ta tura kwandon. "Uwar Ango, ga kayanki na riƙe maki har sun tsufa a hannuna."

Fadimatu ta buɗe. Ta ɗebi shinkafar ta sansana, ta yi godiya. Ta ɗaga ganyen bedi, ta ɗaga man kaɗe. Ta kwance buhun ta sa yatsa.

"Uwar Amarya, wagga toka ce."

"Toka ce. Ta buntu. Babu irinta a nan."

"An gaya maki ba mu hura wuta?"

Inna Sa'a ta ce a mota ta shirya cewa damina ce, kowa na fama, ta kawo ne kawai ko za a buƙata. Amma da ta dubi matar ta ga irin wannan magana ba za ta shiga ba, za ta ma fi zafi. Sai ta faɗi yadda abin ya faru, daga farko. Ta ce ƙuma ta cinye mata akurki, durgunta ta tashi daga kan ƙwai, ta bi sawu ta tarar da su a cikin saƙar kwandon nan. Ba ta ambaci ɗaki ba, ba ta ambaci yaro ba.

Fadimatu ta mayar da murfin kwandon a hankali. Daga baya ta ce, "Ashe ciwo na kai maki, ba kyauta ba."

"Zakara kinka kawo mani, yana nan yana hana mu barcin safe. Ƙwaro kuwa ba ya neman izini. Ni da mutane ke cewa na fi kwastan, a ɗakin kajina ya yi gida ban sani ba."

"Ranar ba ki duba shi ba."

"Ban duba ba."

"Don mi? Zakiyya ta ce ko kazar limami sai kin ɗaga mata fiffike."

"Kina zaune, Uwar Ango. Limami ba surukina ba ne."

Fadimatu ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ta dubi yaron da ke cinyar Inna Sa'a yana murza kunne da hannu. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki. Suka ji ƙarar jan abu a ƙasa. Ta fito da ɗaya daga kwandunan da ke ƙarƙashin gadonta, ta ajiye a rana, ta warware gefen farin mayafinta da kanta ta goga a ciki. Ta duba. Ta nuna wa Inna Sa'a.

Ta juya wajen Zakiyya. "Ke, kin sani?"

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Inna Sa'a ta yi sauri ta ce, "Yarinya ta san mi? Katifarta take ta bugu tana neman kuɗin cizo."

"Hm," in ji Fadimatu. "Aje ƙwaryar nan kafin ki huda ta. Ɗora ruwa. Babbar tukunya."

Ranar ba a yi hirar surukai ba. An fitar da gado, an fitar da jeren ƙore, an fitar da kwanduna. Waɗanda suka tsufa Fadimatu ta ce a ƙone. Inna Sa'a tana kama kaji tana miƙa mata, ita tana goga toka a ƙarƙashin fiffike da gindin jela, tana kare musu ido da tafin hannu kamar yadda aka nuna mata. Wasu kajin suna da baƙaƙen ƙwari manne a gefen ido, aka shafe wurin da man kaɗe. Wata tsohuwar kaza da ƙafafunta suka yi kaushi suka tattashi, ita ma aka shafe mata. Fadimatu tana aiki tana mita, wai mutanen Kaoje in sun zo baƙunci sai sun sa mai gida ya yi aikin gayya. Inna Sa'a ta ce ai furar da aka ba ta ce take biya.

Da Giɗaɗo ya dawo daga gona ya tarar da kayan ɗakin uwarsa a waje, surukarsa da toka har gira, sai ya tsaya daga nesa ya cire takalmi ya durƙusa yana gaisuwa. Uwarsa ta ce ya bar gaisuwa ya nemo itace da kara, kafin rana ta faɗi tana son ɗakin kaji mai ƙafafu, wanda muzuru ba zai hau ba. Ta kuma ce yaro ya koma ɗakin uwarsa har sai an sake yaɓe bangon nata ya bushe. Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya roƙe ta.

Inna Sa'a ta kwana biyu a can. Kafin ta taho ta ja kunnensu cewa a maimaita toka da hodar bayan 'yan kwanaki, a riƙa canza ciyawar ƙwai, a sa ganyen bedi a ƙasanta. Fadimatu ta rako ta har bakin hanya. Ba ta yi mata godiya ba, ba ta kuma nuna fushi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki gaida malam. Ki ce masa matarsa ba ta da kunya, amma a bar ta haka."

Na tambayi Inna Sa'a ko maganar ta yi mata zafi. Ta ce duk hanyar Lolo tana juya ta, ba ta gane ko yabo ba ce ko zagi, har yau ma ba ta gama ganewa ba.

Bayan ɗan lokaci Zakiyya ta kira. Ƙurajen sun bushe, Sufyan yana barci har sai an tashe shi shan nono. Tsakaninta da uwar mijinta lafiya lau, sai dai kwana biyu na farko Fadimatu ba ta yi mata magana mai tsawo ba, daga baya ta ware. An gama yaɓe, yaro ya koma wuni a kan gadon kakarsa. Abu ɗaya ne ya rage: Fadimatu ta ce ɗakin ya yi mata shiru da yawa, ta saba jin motsin kaji a ƙarƙashinta. Ta sa Giɗaɗo ya ciccibo ɗakin kajin ya matso da shi kusa da tagarta. Zakiyya ta tambayi uwarta ko hakan da matsala.

Inna Sa'a ta ce mata, "In dai bango na tsakani, ƙyale ta."

Tana kaiwa nan a labarin hadari ya taso daga gabas. Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce in kama mata bakin tabarma mu shigar da shinkafar.